Hedfon mai jijjiga: ya cancanci kuɗinsa kuwa?

Bari in fara da amsar tun kafin dogon bayani, don na san ba kowa ne zai kai ƙarshe ba. Hedfon mai jijjiga abu ne na gaske, yana da daɗi, ba yaudarar 'yan talla ba ce, amma mafi yawan masu tambayata a kansa bai kamata su saya ba, kuma dalilina ba wai don jijjigar ba ta aiki ba ne, a'a, don abin da suke nema a jikinta ba shi take bayarwa ba, sannan kuɗin da ake ɗorawa saboda ita kuɗi ne da zai iya sayo maka sauti mai kyau sosai in da a wani wajen ka zuba shi.

Toh me ake nufi da shi ma tukuna. Hedfon na yau da kullum yana da 'yar sifika ɗaya a kowane kunne, wata 'yar fata ce siririya da maganaɗisu ke kaɗawa, ita kuma ta kaɗa iska, iskar ta shiga kunnenka ka ji sauti. Shi mai jijjiga sai aka ƙara masa wani inji na biyu a cikin kowane kofin kunne, wanda shi ba ruwansa da iska, wani ɗan ƙarfe ne mai nauyi da ke kai-komo, in bes, wato kakkauran sautin nan na ƙasa-ƙasa, ya bugo a waƙa ko bam ya tashi a fim sai ya girgiza kofin gabaɗaya, kofin ya girgiza maka fatar kunne da ƙashin gefen kai har zuwa muƙamuƙi. Wato a nan fatarka ce ke saurare tare da kunnenka. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kaɗawa 20 a daƙiƙa zuwa wajen 20,000, abin da ake rubutawa 20 Hz zuwa 20,000 Hz, to can ƙasa-ƙasan nan, wajen 20 zuwa 60, kunne ba ya kama shi sosai, jiki ne ya fi jinsa. Shi ya sa in ka tsaya kusa da manyan sifikun DJ a wajen biki za ka ji abin yana dukan ƙirjinka yana kaɗa maka riga, ko in ana buga tambari kusa da kai ka ji shi har cikin ciki. Wannan dukan ne hedfon na yau da kullum ya kasa kawowa, komai tsadarsa, don iskar da yake turawa ba ta wuce 'yar wadda ke tsakanin kofi da kunne ba, kuma wannan giɓin ne masu yin mai jijjiga suke son cikewa.

Abin kuma ba sabo ba ne fa. Tun shekarun 1990 Panasonic suna da 'yan rediyon kaset da na faifan CD masu zuwa da hedfon mai girgiza, suna kiran fasahar VMSS. A ɓangaren gem, Nintendo ta fito da Rumble Pak, wani ɗan abu da ake sokawa a hannun gem ya sa shi girgiza, a 1997, a shekarar ne kuma Sony ta fito da hannun DualShock a Japan, tun daga nan duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san yadda hannu ke karkarwa in an buga ƙwallo ta daki ƙarfe. Sony ɗin dai ta gwada kai abin kunne a 2012 da Pulse Elite na PS3. Amma wanda ya sa duniya ta san hedfon mai jijjiga sosai shi ne Skullcandy, kamfanin Amurka da ke Park City a jihar Utah, da suka fito da Crusher a 2013, na farkon ma da waya yake kuma batirin AA guda ɗaya ake saka masa don injin jijjigar. Daga baya aka yi mara waya a 2016, aka yi Crusher ANC mai kashe hayaniyar waje a 2019, Crusher Evo a 2020, sai Crusher ANC 2 a 2023. 'Yan gem su ma aka yi musu nasu, Razer ta fito da Nari Ultimate a 2018 tare da wani kamfanin Jamus mai suna Lofelt, wanda Meta ta saye daga baya a 2022, Corsair ta fito da HS60 Haptic a 2020, Razer ta sake dawowa da Kraken V3 HyperSense a 2021 da Kraken V4 Pro a 2024.

Na lissafo waɗannan ne don mutum ya gane cewa ba duka suke ɗaya ba, kuma babban bambancin yana cikin irin injin da aka saka. Masu tsadar nan injinsu yana aiki ne da naɗin waya da maganaɗisu irin na sifika, saboda haka yana bin sautin ne sau da ƙafa, in bes ya yi sanyi ya girgiza a hankali, in ya yi ƙarfi ya ƙara, in ya tsaya shi ma ya tsaya nan take. Su kuwa masu arhar nan na gem da ake cika musu fitilu ja da shuɗi a rubuta musu 7.1 ɓaro-ɓaro a kwali, da yawansu wani ɗan moto ne kawai mai juya ƙarfe karkatacce, irin wanda ke cikin tsofaffin wayoyi masu madannai. Shi wannan moton sai ya ɗau lokaci kafin ya tashi, ya ɗau lokaci kafin ya tsaya, kuma bai san ƙarami da babba ba, ko dai yana zzzz ko ya yi shiru. Sai ka ga an riga an harba bindigar an wuce sannan kunnenka ya fara kaɗawa. Wallahi in irin wannan ne kake shirin saya gara ka bar kuɗinka a aljihu, ba na ma sa shi a lissafi a sauran maganar da zan yi.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a fahimta, don nan ne mutane ke shiga da tsammanin da ba haka ba. Sitiyarin gem na tseren mota irin Logitech G29, ko hannun DualSense na PS5 da ya fito a 2020, gem ɗin ne da kansa yake aika musu umarni, ya ce yanzu taya ta hau tsakuwa, yanzu mota ta kwace, yanzu kana jan baka ne saboda haka maɓalli ya yi tauri. Akwai wanda ya zauna ya tsara kowace girgiza da ma'anarta. Hedfon mai jijjiga kuwa, kusan dukkansu ba wanda ke gaya musu komai, sautin da ke shigowa kawai suke tacewa, duk abin da ya yi ƙasa ya yi kauri su mayar da shi girgiza. Bai san bam ba, bai san ganga ba, bai san ƙarar injin mota ba, bai san muryar mutum ba, shi dai in ya ji abu mai kauri ya kaɗa. Razer sun fara ƙoƙarin gyara wannan da tsarinsu na Sensa inda wasu 'yan wasanni ƙalilan ke aika wa hedfon ɗin umarni kai tsaye, amma hedfon ɗin da ke yin haka, wato Kraken V4 Pro, dala 400 aka sa masa da ya fito, kuma sai a kwamfuta da manhajarsu da wasan da aka yi domin haka.

Abin da wannan ke haifarwa shi ne, muryar namiji baligi tushenta yana kaiwa ƙasa wajen 100 Hz zuwa 150, wato ta faɗo cikin yankin da injin ke amsawa ke nan. Ka kunna wa'azi ko tafsiri ko labarai ko wata hira, malami mai kakkaurar murya yana magana kai kuma gefen kanka yana ta kaɗawa da kowace kalma, babu daɗi ko kaɗan, kuma yana ɗauke hankali daga abin da ake faɗa. Mu kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutum nawa ne a cikinmu rabin abin da yake saurare a waya ba magana ba ce? Karatun Alƙur'ani, darasi, saƙon murya na WhatsApp, littafin da ake karantawa a YouTube, fim ɗin Hausa da yawancinsa zance ne a falo. A duk waɗannan kashe jijjigar za ka yi, kuma da zarar ka kashe ta abin da ya rage a kanka shi ne hedfon na yau da kullum, mai nauyi, wanda ka biya kuɗin abu biyu a kansa.

Shi ya sa ni ma'aunina ɗaya ne tak: ka kashe jijjigar ka saurara. In sautin da ya rage ya gamsar da kai a kan wannan farashin, to jijjigar ƙari ce, ka saya ka more. In kuwa da ka kashe ta ka ji murya ta dusashe, kiɗa ya cakuɗe, komai ya zama lami, to da ma jijjigar rufa-rufa take yi. Ita kamar yaji ce a kan tsire, in naman mai kyau ne ta ƙara masa armashi, in naman ya kwana kuwa ba abin da yaji zai yi illa ya ɓoye maka har ka biya.

Kar kuma a ce na ƙi abin ne, don inda yake aiki yana aiki ba wasa. Na saka Crusher Evo na wani abokina na ji amapiano da shi, wannan gangar tasu ta 'yan Afirka ta Kudu mai faɗowa da nauyi, gaskiya abin ya burge ni, ka ji bes ɗin yana sauka yana birgima a gefen kanka yadda ba ka taɓa ji a iyafis ba. Haka hip-hop mai bes ɗin 808, wanda asalinsa daga injin kiɗan Roland TR-808 na 1980 ne, da afrobeats na zamani, da fina-finan yaƙi da na manyan halittu inda jirgi ke wucewa ko gini ke rushewa. Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya da 'yan uwa, ko a hostel, ko gidan haya da bango ɗaya ya raba shi da maƙwabci, ba shi da halin kunna babbar sifika da daddare, wannan hedfon ɗin yana ba shi wani abu daga cikin abin da ya rasa ba tare da ya tashi kowa daga barci ba, kuma ni ina ganin wannan dalili ne mai ƙarfi, ba abin rainawa ba ne. Abin da na fi yaba wa Crusher shi ne ɗan maɓallin nan na gefen kunnen hagu da ake turawa sama da ƙasa, kai ne mai iko da yawan girgizar a kowane lokaci ba sai ka shiga manhaja ba. Kuma kusan duk wanda na sani da ya daɗe da shi a ƙasa-ƙasa yake barin maɓallin, wajen kwata ko ƙasa da haka, don in ka kai shi ƙarshe haƙoranka ma sai sun amsa, waƙar kuma ta ɓace a cikin rugugi.

Amma fa ko a nan, kai ne ke girgiza ba ƙirji ba. Wanda ya shiga da tsammanin zai ji irin dukan sifikar biki zai ɗan ji wani iri, don jikinka ya san inda bes ke dukansa, kuma ba a gefen kunne ba ne. Masu neman wannan na ainihi abin da suke saya daban ne, irin rigar Woojer ko SubPac da ake ɗaurawa a baya, ko ButtKicker da ake ɗaure wa kujera, su ma kuma kuɗi ne ba kaɗan ba.

Kiɗanmu na gargajiya kuwa ban ga abin da zai ƙara masa ba sosai. Goge da kukuma da gurmi da sarewa daɗinsu a sama yake da tsakiya, a tsabtar sauti, kalangu ma maganarsa kake son ji, yadda yake hawa yana sauka, ba rugugi ba. Ga kuma matsalar tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har suka gaji, waɗannan babu wani bes mai tsabta a cikinsu da injin zai bi, abin da zai samu ya girgiza shi ne gurnanin da ke ƙasan rikodin ɗin.

Sai 'yan gem, waɗanda su ne suka fi yawan tambaya. Ya danganta da irin gem ɗinka ɗan uwa. In kai mai buga wasan labari ne kai kaɗai, kana tafiya a hankali kana kallon duniya, ko tseren mota, jijjiga tana ƙara maka shiga ciki sosai. In kuwa PUBG Mobile ne ko Call of Duty Mobile ko Free Fire kake fafatawa da mutane, abin da ke raba ka da mutuwa shi ne jin takun ƙafar abokin gaba da gane ta ina ya fito, hagu ko dama, sama ko ƙasa, to duk lokacin da gurneti ya tashi ko ka saki harsashi kanka ya ɗau rawa, wannan ɗan siririn sautin takun sai ya nutse. Ba banza ba ƙwararrun da ke shiga gasa ba su damu da shi ba, wasunsu ma rage bes suke yi da gangan. Sannan ka duba da me zai haɗu tun kafin ka biya, don HS60 Haptic da Kraken V3 HyperSense ta USB suke aiki, an yi su ne domin kwamfuta da makamantanta ba don ka soka a waya ba, shi kuma Crusher bulutut ne, bulutut kuma yana da ɗan jinkiri tsakanin abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, wanda a waƙa ba ka lura amma a harbi za ka lura, sai dai ka soka masa kebul ɗinsa. Mai buga ƙwallo kuwa, eFootball ko FC, gaskiya ba abin da zai samu in ban da ihun 'yan kallo yana kaɗa masa kai.

Akwai kuma abubuwan da masu bitar kaya na Turai da Amurka ba sa damuwa da su amma mu dole mu damu. Na farko caji. Injin jijjiga yana shan wuta, Razer da kansu sun rubuta cewa Nari Ultimate yana kai awa 20 in an kashe jijjiga da fitilu, amma in an kunna su awa 8 ne, ka ga fiye da rabi ya tafi. Crusher Evo ya fi dama a nan, awa 40 suka ce, duk da dai ya danganta da inda ka ajiye maɓallin. Ga wanda wuta ke zuwa masa sau ɗaya a yini ko ba ta zuwa ma, ƙarin abu ɗaya ne da zai yi layi a jikin fawabank tare da waya da fitila. Na biyu nauyi da zafi. Inji biyu da batir ba sa zuwa a banza, Crusher Evo ya haura giram 300, Nari Ultimate ya haura 400, sannan don girgizar ta ratsa dole kofin ya matse kai sosai, kuma soson kunnen yawanci fatar roba ce da ba ta shan iska. Ka ɗauki wannan ka kai shi Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko rabin fim ba za ka kai ba gumi ya cika maka kunne, fatar roban kuma da zafi da gumi take saurin ɓarewa. Masu saka tabarau su ma su sani cewa ƙarfen tabarau yana ɗaukar girgizar ya kawo ta har kan hanci.

Maganar lafiyar kunne ba zan tsallake ta ba don ita ce ta fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba wannan lokacin biyu. Akwai masu cewa jijjiga tana taimakawa, tunda kana jin ƙarfin bes a fata ba sai ka ƙure ƙara ba, kuma a hankalce maganar tana da kan gado, in mutum ya yi amfani da ita haka to madalla. Amma abin da nake gani a wajen samari shi ne akasin haka, a tura jijjiga sama, sai murya ta nutse, sai a ƙara bolum don a ji muryar, sai a sake tura jijjiga don ta kamo, a haka har a ƙure duka biyun. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in suka mutu ba sa dawowa. In ka cire hedfon ka ji kunnenka yana ƙara shiii ko ka ji kamar an toshe shi da auduga, to ka wuce gona da iri, ka rage. Wasu kuma girgizar kanta tana sa musu ciwon kai ko jiri in sun daɗe, wanda ya san yana fama da ciwon ɓarin kai ya gwada na wani tukuna kafin ya sa kuɗinsa. Kuma don Allah kar a hau titi da shi, mutum yana tafe a gefen kwalta kai na rawa ba ya jin hon ɗin adaidaita sahu, wannan ganganci ne.

Kar a haɗa hedfon mai jijjiga da irin na kamfanin Shokz da ake ɗorawa a kan ƙashin gaban kunne, shi ma girgiza yake yi amma aikinsa daban, ta ƙashi yake aika sautin gabaɗaya ya bar kunne a buɗe don masu gudu da masu keke su ji abin da ke faruwa a hanya, bes ɗinsa ma rauni gare shi.

Farashi kuwa, Crusher Evo dala 200 aka sa masa da ya fito, Crusher ANC 2 dala 230, HS60 Haptic da Kraken V3 HyperSense wajen dala 130, ka buga da canjin yau ka ɗora kuɗin kawowa ka gani da kanka. Da wannan kuɗin mutum zai iya samun hedfon mai kashe hayaniyar waje, wanda ni a ganina ya fi amfani nesa ba kusa ba ga mai zama kusa da janareta ko mai doguwar tafiya a mota, don amfaninsa kullum ne, ko karatu kake ji ko waƙa ko kiran waya, kuma yana sa ka rage ƙara tunda ba ka kokawa da hayaniya. Ƙanina da ya tambaye ni abin da na ce masa ke nan, tunda shi hedfon ɗaya zai iya saya kuma da shi zai yi komai. Wanda kuwa yake da na yau da kullum mai kyau a hannu, yana son na biyu don fim da kiɗan bes da daddare, kuma kuɗin ba zai taɓa masa cefane ba, shi kam na ce ya saya, zai ji daɗinsa.

In ka yanke shawarar saya, ko a Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, kar ka yarda da gwajin daƙiƙa talatin da waƙar mai shago, don waƙar da za a kunna maka an zaɓe ta ne don ta girgiza ka. Ka je da wayarka, ka sa waƙar da ka haddace, ka sa karatu ko wata magana, ka sa wani yanki na fim, ka ji kowanne da jijjiga a kashe, sannan a kwata, sannan a sama. Ka lura ko girgizar tana tafiya tare da bugun ko tana biyo bayansa, ka lura ko kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ka kasa kunne ko akwai wani kwaram-kwaram na abin da ya kwance a ciki, musamman in na hannu ne, don inji ne mai motsi kuma abu mai motsi yana gajiya, batirinsa ma a ciki yake a rufe ba a saurin canza shi. Jabu ma suna nan da yawa masu kwali sak na asali, in ka ga farashin ya faɗo ƙasa da rabi ka nemi a haɗa shi da manhajar kamfanin a gabanka, in manhajar ba ta gane shi ba ka ajiye musu kayansu. Sannan ka roƙi mai shagon ya bar ka da shi a kai ko da minti goma ne kana zaune, don matsi da nauyi da gumi ba sa nuna kansu a minti na farko.